Bayan Sallamar Likita, Saura Aikin Mai Jinya

Ƴan'uwa masu karatu, manoma da makiyaya, maza da mata, musamman ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na ƙasar Magarya da ta Dungas.

Shekaru da dama ke nan ina zagaya azuzuwanku a kan babur, daga Bande zuwa Wacha, daga Dogo-Dogo zuwa Malawa. Kun saba ganina tsaye gaban allo da alli a hannu. Darasin da na kawo muku a wannan fitowa kuwa, a ɗakin yayana na koye shi, ina zaune a gefen tabarma da ludayi a hannu. Ciwon daji ya kama shi a maƙogwaro. An yi masa magani a Yamai, an sallame shi, ya dawo gida da ransa amma babu murya. Ranar da muka sauka daga mota, dangi suka taru suna barka, kowa na cewa an gama. Ni ma haka na zata. Ashe a ranar ne jinya ta fara.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: rabin maganin wannan ciwo a asibiti yake, ɗaya rabin kuma yana hannun wanda zai dama kunu, ya wanke tsumma, ya kwana ido biyu. Wannan mutum, mai jinya, ya cancanci a koya masa aikinsa, a taya shi, a kuma ƙidaya shi cikin masu maganin. Ga dalilaina.

Yadda abin ya faro

Yayana manomi ne, mai gero da wake da ɗan fegin rake a fadama. Ya fi shekara talatin yana shan taba. Wata damina muryarsa ta dishe. Muka ce sanyi ne. Aka sha citta da kanumfari, aka sha zuma, murya ba ta washe ba. Aka kai shi wajen wanzami ya cire masa beli, jini ya zuba, dishewa tana nan. Sai bayan wata takwas, da numfashi ya fara yi masa nauyi da dare, muka tafi likita. Aka auna kakinsa don neman tarin fuka, domin shi ma yana dishe murya, ba a samu ba. Daga Magarya aka tura mu babban asibitin Damagaram. Aka leƙa maƙogwaron da na'ura, aka gutsuri ɗan nama aka kai awo. Sakamako ya fito: ciwon daji ne, wanda wasu ke kira sankara ko kansa.

Laifin wannan jinkiri namu ne, kuma ni da na yi karatu na fi kowa laifi. Likitoci sun ce duk muryar da ta dishe ta wuce mako 3 ba ta dawo ba, tilas a duba ta, balle ga mai shan taba ko giya. Idan aka kama ciwon yana ƙarami, sau da yawa gashin haske kaɗai yana warkar da shi, mutum ya tsira da muryarsa. Mu mun zo a makare. Sai da aka yi masa aikin fiɗa aka cire maƙogwaron gaba ɗaya, aka buɗe masa kafa a gindin wuya wadda zai riƙa numfashi ta cikinta har ƙarshen ransa. Bayan rauni ya warke, aka shiga gashi.

Gashin haske wata na'ura ce ke yin sa. Tana harba haske mai ƙarfi, wanda ido ba ya gani, daidai wurin ciwon, don ya kashe ragowar ƙwayoyinsa. Ana yi kwana 5 a mako, har mako 6 ko 7. A ƙasarmu, Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai ta fara wannan aiki a shekarar 2021, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan, sai mai hali ya fita waje. Ku duba fa: tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma sai bayan shekara 50 talakan Nijar ya samu irin wannan na'ura a gida. Mun gode Allah da samunta. Sai dai tsakanin Damagaram da Yamai akwai kusan kilomita 900, kuma daga Magarya sai ka ƙara kusan ɗari a kai.

Makonnin farko a gida

Abin da ya fara ruɗa mu shi ne, jikinsa ya ƙara tsananta bayan an gama gashin. Baki da maƙoshi duk suka yi gyambo, fatar wuya ta yi baƙi tana saɓulewa, yawu ya yi kauri kamar ƙaro. Matarsa ta ce mini: "Mushe, anya ba a sallamo shi don ya zo ya cika a gida ba?" Na kira wani ma'aikacin lafiya ta salula. Ya ce haka gashi yake, zafinsa yana kai ƙarshe a mako ɗaya ko biyu bayan an daina, sa'an nan ya fara sauka a hankali. Likitocin Yamai sun faɗa mana wannan da baki, kuma da Hausa. Amma bayanin da aka yi wa mutum cikin gajiya da tsoro, a hanya yake zubewa. Da mun riƙe shi da ba mu kwana uku muna kuka ba.

Ga abin da ya taimake mu a lokacin. A tafasa ruwa lita ɗaya, a bar shi ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya da bikarbonat ƙaramin cokali ɗaya. Maras lafiya ya riƙa kurkure baki da shi yana tofarwa, sau da yawa a yini, musamman bayan cin abinci. A farmasi ake sayen bikarbonat, kada a musanya shi da kanwa. Fatar wuya kuwa, a wanke ta da ruwa mai ɗumi ba tare da dirzawa ba, a kare ta daga rana, kada a shafa komai sai abin da likita ya yarda. Wani dattijo ya kawo mana shawarar a yi sakiya a wurin da ya kumbura. Na ƙi, har ya yi fushi da ni. Fatar da aka gasa ba ta warkewa da wuri, kuma ƙaramin rauni a kanta yana iya zama babban gyambo.

Abinci shi ne magani na biyu

Yaya ya tafi Yamai ƙaƙƙarfa, ya dawo wando na zame masa. Haɗiya tana yi masa zafi, ɗanɗano ya tafi, ya ce kowane abinci kamar yashi. Tuwon da aka saba ba ya wucewa. Jikin da ba ya samun abinci kuwa ba ya ɗinke rauni.

A nan ne gonar manomi ta yi mana rana. Duk abin da ya tashe shi, a rumbunmu da garkenmu yake. Kunun gero da aka tace sarai, aka dama da gyaɗa niƙaƙƙiya, aka zuba madara da cokalin mai. Wake da aka cire wa ɓawo aka dafa har ya narke. Ƙwai da aka kaɗa cikin kunu mai zafi har ya dahu. Kabewa da dankali da aka murje. Garin zogale a cikin miya. Miyar kuka da ta kuɓewa sun fi kowace amfani, domin santsinsu yana rakiyar loma inda yawu ya gaza. Tuwo kuwa a yi shi ruwa-ruwa, a tsoma shi sosai cikin miya. Gyaɗar da za a ba maras lafiya a tsince ta da kyau, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna, domin dafinta yana lalata hanta.

Abin da muka janye daga kwanonsa: barkono da yaji, tsamiya da lemun tsami, ƙuli-ƙuli da ƙanzo da duk abu mai kaushi, da abinci mai tsananin zafi. Goro ma sai da ya haƙura da shi. Taba kuwa, ta sha da ta gari, an rabu har abada. Wanda ya koma wa taba bayan magani, ya buɗe wa ciwon ƙofa da hannunsa.

Maimakon ci uku manya, muka koma ci shida ko bakwai ƙanana. Butar ruwa mai tsabta ba ta barin gefensa, domin gashi yana lalata wuraren da ke fitar da yawu, kuma bushewar baki tana iya daɗewa, ga wasu ma ba ta tafiya duka. Bakin da babu yawu kuwa, haƙoransa da sauri suke ruɓewa. Don haka a goge su safe da dare da buroshi mai laushi da man goge haƙori. Ku riƙe wannan da kyau: wanda aka yi wa gashi a wuya ko a baki, kada a cire masa haƙori a kasuwa ko a wajen wanzami. Ko a asibiti ne, sai an gaya wa likitan haƙori cewa an taɓa yin gashi, domin ƙashin muƙamuƙi yana iya ƙin warkewa.

Kowane mako biyu mukan kai shi ɗakin shan magani a aza shi a sikeli, in rubuta kilo a littafi. Inda babu sikeli, a ƙulla alama a mazagin wando. In mazagi yana ƙara tsawo, jiki na raguwa, sai a koma likita. Wanda aka yi wa gashi kaɗai ba a cire maƙogwaronsa ba, a lura da shi in yana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya sha ruwa. Abinci na iya bin hanyar iska ya sauka huhu ya kawo ciwon haƙarƙari. Irin wannan ya ci a zaune tsaf, a kaurara masa abin sha, a kuma sanar da likita.

Kafar wuya da ƙurar ƙasarmu

Allah ya yi hanci don ya tace iska, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta. Wanda aka cire wa maƙogwaro, iskarsa ba ta bi ta hanci. Kai tsaye take shiga huhu ta kafar wuya, da ƙurarta da bushewarta. A ƙasar da ake hunturu wata uku, wannan babban al'amari ne.

Matar Yaya ta ɗinka masa ƴan ƙyallaye guda goma na farin yadi mai laushi, masu igiya, ana ɗaurawa a wuya su rufe kafar. Kullum a canza, a wanke da sabulu, a shanya a rana. Da hunturu mukan ɗan jiƙa ƙyallen da tafasasshen ruwa, mu yayyafa ruwa a daɓen ɗaki, mu ajiye kwanon ruwan zafi kusa da shi ya shaƙi tururi. In ba a yi haka ba, majina tana bushewa ta yi ɓawo ta toshe hanya. Mai goge bakin kafar ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa. Kada a tura auduga ko tsinke a ciki. Muka matsar da murhu nesa da ɗakinsa, aka daina turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi, aka koma gidan sauro.

Ruwa shi ne babban haɗari. Ko kaɗan ya shiga kafar, huhu ya nufa. Babu wanka a tafki, babu ƙetare korama in ta kawo. Wanka daga kafaɗa zuwa ƙasa, kai kuwa a sunkuye ake wanke shi da tawul a wuya. Ya kamata kuma duk gida da maƙwabta su sani: in irin wannan mutum ya suma, ta wuya ake ba shi iska, ta baki ba za ta kai ba. Jin ƙamshi da wari ma yana raguwa ƙwarai, har ba zai ji ƙaurin gobara ko tsamin abincin da ya lalace ba. Kuma ba zai iya ihu ba. Muka rataya masa ƴar ƙararrawa a gefen gado, wata kuma a aljihu.

Noma fa? Ya koma, amma da sharaɗi. Shuka da cirar ciyawa da kiwon awaki da ban ruwan lambu, duk yana yi da sanyin safiya. Sussuka da shiƙa da casar wake, da feshin maganin ƙwari, da ƙona kara, waɗannan an ɗauke masa. Ɗaukar buhu ma ya bari, domin mai ɗaga nauyi sai ya riƙe numfashi, shi kuwa ba shi da abin riƙewa.

Allo da alli

Yanzu na zo kan abin da ya fi taɓa zuciyata. Shekarun baya na sha fama da Yaya kafin ya shiga ajin yaƙi da jahilci. Yakan ce: "Mushe, me tsoho zai yi da boko? Gero ba ya tambayar takarda." Don kunyata kawai ya zauna rani biyu. Ranar da ya farfaɗo daga fiɗa, ya motsa baki babu sauti, na miƙa masa allon ɗalibai da alli. Hannunsa na rawa ya rubuta kalma ɗaya: RUWA. A duk shekarun aikina ban taɓa karanta rubutun da ya kai wannan daraja ba.

Amma da muka dawo gida sai wata matsala ta fito. Matarsa, wadda ke tare da shi dare da rana, ba ta iya karatu ba. In ina rangadi, ƴarsu kuma tana makaranta, sai ya rubuta ya nuna mata, ta tsaya tana kallo. Ya nuna da hannu, ta kawo abin da bai nema ba. Wata rana ya yi jifa da kwano, ta fita bayan ɗaki ta yi kuka. Shekara ashirin da biyar suna hira, yau ga su ɗaki ɗaya kamar baƙi. Da rani ya kama, ba wanda ya aike ta, ta ɗauki mayafi ta shiga ajin mata. Bayan wata huɗu ta karanta allonsa da kanta. Yanzu ita ke duba karnensa na likita, ita ke riƙe da ranar randebu. Shi kuma yana aika saƙo ta salula har ga ɗansa da ke ci-rani a Kano.

Ni ma na yi nawa kuskuren. Saboda gaggawa, in ya fara rubutu sai in ƙarasa masa, in amsa wa baƙi a madadinsa. Ran nan ya riƙe hannuna ya rubuta: BARI IN GAMA. Na ce: "Yaya, ka gafarce ni." Masu zuwa gaisuwa kuma sukan zauna gabansa suna maganarsa kamar ba ya nan, wasu har da ɗaga murya kamar kurma. Sai ya rubuta a gefen allo, ya bar shi ba ya gogewa: INA JI. Jama'a, wanda ya rasa murya hankalinsa na nan, kunnensa na nan, girmansa na nan. A yi shawarar gona da shi, a nemi izninsa a kan auren ƴarsa, a jira shi ya gama rubutu.

Akwai hanyoyin sake yin magana bayan irin wannan aiki. Wasu na koyon haɗiye iska su fito da ita kamar gyatsa, su sarrafa ta da harshe da leɓe. Akwai ƴar na'ura mai batir da ake dannawa a wuya, akwai kuma wani ɗan bututu da likita ke dasawa. Yaya ya bi hanyar farko, kuma bayan watanni yana iya fitar da sallama da gajerun kalmomi. Damuwarsa a kan karatun salla kuwa, limamin garinmu ya zo har gida ya kwantar masa da hankali, ya ce ya motsa leɓe gwargwadon ikonsa, sallarsa ta yi.

Wa ke jinyar mai jinya?

Kowa ya shigo gidan, Yaya yake gaidawa. Ba wanda ya lura matarsa ta rame. Ta bar sana'arta ta man gyaɗa, ta fita daga adashi, barcinta bai wuce rabin dare ba, ga kuma dafa wa masu zuwa dubiya. Wasu mata suka daina cin abincin gidan, aka ware wa Yaya kwanonsa, aka hana yara zama kusa da shi. Ina so a ji wannan da kyau: ciwon daji ba ya yaɗuwa ta kwano ko tari ko musafaha. Hasken na'ura kuma ba ya zama a jikin mutum, ba abin da zai sami jaririn da ya ɗauka.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai da muka zauna taron dangi aka raba aiki. Ƙanwarmu ta ɗauki kwana biyu a mako don matar Yaya ta yi barci ta kuma je aji. Ni na ɗauki tafiyar likita da sayen magani. Samarin unguwa suka yi masa gayya a noman farko da maimai. Mai zuwa dubiya muka roƙe shi ya taƙaita zama, in kuma yana da hali ya riƙo ƙwai ko ƙwaryar nono maimakon goro. Ina kira ga maza musamman: jinya ba aikin mata kaɗai ba ne. In da matar ce ta kwanta, shin mijin zai yi mata abin da ta yi masa? Kowa ya tambayi zuciyarsa.

Ba zan ɓoye muku nauyin kuɗi ba. Shanun huɗa biyu sun tafi, an jinginar da gona ɗaya. Akwai ɗan'uwan da ya ce mini a fili, an zubar da dukiyar marayu a kan wanda ba zai sake magana ba. Ban raina maganarsa ba, domin yunwa ma ciwo ce, kuma ba kowane mai wannan cuta ke tashi ba ko an kashe nawa. Amsata ita ce: jinkirinmu ne ya cinye shanun. Da mun je tun a wata na farko, da magani ya fi sauƙi, da kuɗi sun fi kaɗan. Yaran da ya kira marayu kuwa, ga ubansu zaune a ƙofar gida yana duba littattafansu.

Kada a yanke zuwa likita

In ciwon zai dawo, ya fi dawowa a cikin shekara biyu na farko. Saboda haka ake son ganin mutum bayan kowane wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, sa'an nan a riƙa tsawaita tsakani, har shekara 5. Kada jin sauƙi ko aikin damina su sa a tsallake randebu. Akwai kuma alamun da ba a jiran randebu a kansu: jini daga baki ko kafar wuya, wahalar numfashi, zazzaɓi da tari mai ɗoyi, sabon ƙullutu a wuya, ciwon kunne ɗaya da ya ƙi tafiya, haɗiyar da ke ƙara wuya, da ramar da ba ta tsayawa. In kuma mutum ya cika kasala da jin sanyi da kumburin fuska, a nemi awon jini. A gaban wuya akwai wata halitta wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Gashi da fiɗa suna iya raunana ta, kuma ƙwaya ɗaya a kullum tana gyara abin.

Kirana ga hukuma da jama'a

Na ɗaya: a rubuta wa mai jinya takardar bayani da harshen da yake ji. A watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, a fara da ɗakin maras lafiya. Shafi biyu da boko da ajami, da zane, a kan abinci da tsabtar kafar wuya da alamun haɗari, za su ceci rayuka. Mu ma'aikatan yaƙi da jahilci a shirye muke mu taya rubutawa.

Na biyu: a horar da ma'aikatan asibitocin Magarya da Dungas da na ƙauyuka a kan kula da masu kafar wuya, a kuma shirya yadda za a riƙa duba waɗanda aka sallama a Damagaram, sai abin da ya gagara a tura Yamai.

Na uku: a shekarar 2007 gwamnati ta yi dokar sauƙaƙa wa mata maganin sankarar da ta shafe su kyauta. Wannan niyya ce mai kyau. A duba yadda za a tallafa wa masu sauran ire-iren ciwon, ko da da kuɗin mota da masauki ne.

Na huɗu: tun 2006 ƙasarmu take da dokar yaƙi da taba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. A ɗabbaƙa dokar a kasuwanninmu da tashoshinmu, iyaye kuma su daina aiken yara sayen sigari.

Na biyar, gare ku malaman azuzuwa: ku karanta wannan shafi tare da ɗalibanku, ku tambaye su ko akwai wanda muryarsa ta dishe fiye da mako 3 a gidajensu. In akwai, gobe a kai shi likita. Ku kuma gaya wa mai cewa ya tsufa da karatu labarin allon Yaya.

Bana ya shuka gonarsa ta bayan gari da hannunsa, a ƙarƙashin gawon da ya raina tun yana tsiro. Da na je duba shi, ya ɗauko allo ya rubuta mini cewa in zo da buhu ranar girbi, akwai rabona. Matarsa ce ta karanta mini kafin in kai ga dubawa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, ya ba mu damina mai albarka. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.